Ka Kawo Abin da Lambunka Ya Bayar

Karatu: Maimaitawar Shari'a 26:1-11, Luka 13:6-9
Ayar haddacewa: 2 Korintiyawa 5:10

Ruwa ya fara ɗaukewa, hatsi ya sunkuyar da kai, kuma nan da 'yan makonni ikilisiyarka za ta sa ranar bikin godiyar kaka. Kafin ranar ta zo, ina so ka zauna mu yi lissafin wannan shekara tare. Zan fara kai ka wata ƙasa mai nisa, domin sau da yawa mutum yakan fi gane halinsa idan ya gan shi a jikin wani.

Teburin ƙauye

A ƙauyukan Ingila akwai wata al'ada da ake yi wajen ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, lokacin da lambunansu suke cika. Sukan ware Asabar guda, su jera dogayen tebura a zauren taron ƙauye ko a cikin babban tanti, kowa ya kawo abin da ya noma a bayan gidansa a gwada. Yawancin masu kawowa ba manoma ba ne. Za ka ga malamin makaranta, da mai raba wasiƙu, da tsohuwar da ta daɗe da barin aiki, har da yaron da bai kai shekara goma ba. Al'adar tsohuwa ce, amma ta ƙara ƙarfi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga 1939 gwamnatinsu ta yi kira ga kowa ya haƙa filin gidansa ya shuka abinci, domin ana nutsar da jiragen ruwan da suke kawo musu abinci daga waje. Yaƙi ya wuce, al'adar ta zauna.

Tun da sauran watanni ake raba takardar ƙa'ida. A ciki an rubuta abin da ake so a kowane rukuni: albasa uku, dankalin Turawa biyar, tumatir kaza, koren wake kaza. Akwai rukunin furanni, da na kek, da na zuma, da na kabewar da ta fi nauyi. Idan an ce biyar ka kawo huɗu, alƙali zai rubuta cewa ba ka bi ƙa'ida ba, ya wuce, ko da naka ya fi na kowa kyau. Da safe kowa yakan jera kayansa, ya goge, ya gyara. Sai a fitar da mutane duka, a rufe ƙofa, alƙali ya shiga ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Babu mai tsayawa kusa da kayansa ya yi bayani. Babu mai cewa, “Ranka ya daɗe, ai bana ruwa ne ya yi mini yawa.” Sunan mai kaya ma a rufe yake, lamba kawai alƙali yake gani. Da rana a buɗe ƙofa, jama'a su shigo da sauri, kowa ya nufi teburinsa ya ga ko an ajiye masa kati. Jan kati na wanda ya zo na ɗaya ne, shuɗi na na biyu.

Ladan kuwa fa? A wurare da yawa fam ɗaya ne ko biyu, kuɗin da ba zai biya irin da aka shuka ba. Wanda ya ci kofi zai mayar da shi baɗi. Duk da haka mutum yakan yi wata tara yana wahala domin wannan kati. Manzo Bulus ya ga irin wannan a wurin 'yan wasan zamaninsa, ya tuna wa Korintiyawa cewa su suna horon jikinsu domin rawanin da zai bushe, mu kuwa namu ba ya lalacewa. Ɗan'uwana, idan mutum zai tashi da tsakar dare saboda albasa, me ya hana ka tashi saboda ranka?

Ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da baƙo yake gani a ranar nunin kayan lambu shi ne teburi mai kyau. Abin da ba ya gani shi ne shekarar da take bayan teburin.

Masu noman manyan albasa a can sukan shuka iri tun wajen Kirsimeti, lokacin da sanyi ya daskarar da ƙasa kuma rana takan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu. A cikin ɗaki suke shukawa, su kunna wa tsiron fitila, su ɗumama shi. A shekarar 2023, a wani babban nuni a Ingila, wani mai suna Gareth Griffin ya kawo albasa guda mai nauyin kilo 8.97, kusan kilo tara. Mutane suka yi ta ɗaukar hoto. Amma wannan albasa ba a ranar ta girma ba. Masu neman dogon karas sukan cika ganga da yashi, su huda rami mai zurfi a ciki, su cika ramin da lallausar ƙasa da aka tankaɗe, domin kada saiwar ta gamu da ko ƙaramin dutse ta karkace. Dankali kuma, tsohuwar al'adarsu ita ce a binne shi a Juma'ar da muke tunawa da gicciye Ubangijinmu. A watan Mayu, bayan tsiro ya fito, raɓa mai daskarewa takan sauka a dare ɗaya ta ƙone shi, don haka mai lambu yakan saurari labarin yanayi, ya fita da yamma ya lulluɓe shukarsa. Da damshi ya yi yawa, wani irin dodon-koɗi marar ɓawo yakan fito da dare ya cinye ganye, sai ka ga dattijo da tocila yana bin kunya-kunya yana tsince su.

Kai ma ka san wannan. Ka san cewa kuɓewar da ke bayan ɗakinka ba ranar da aka kaɗa miya ta tsiro ba. Ka san wanda ya yi sassabe a kan kari, ya kai taki tun da bazara, ya yi noman firi da maimai, da wanda ya bari ciyawa ta haɗiye masa gona yana cewa gobe. Da kaka kowa yakan san wane ne wane.

Haka rayuwar ruhaniya take. Akwai ranar da kowannenmu zai bayyana a gaban kursiyin shari'ar Almasihu, ya karɓi sakamakon abin da ya yi a cikin jiki. Abin da za a gani a ranar, yau ake noma shi. Addu'ar asuba da babu wanda ya ji ta, gafarar da ka yi wa surukarka ba tare da ka ba kowa labari ba, kuɗin ofis da ka mayar alhali babu mai ganinka, waɗannan su ne ban-ruwan. Ba za ka iya tara shekara guda ta biyayya a daren addu'ar ƙetare shekara ba. Shafewar Ruhu gaskiya ce, kuma Allah yana yin abu farat ɗaya, haleluya! Amma halin kirki shuka ne, kuma shuka tana da kwanakinta. Yakubu ya ce mu dubi manomi, yadda yake haƙurin jiran ruwan fari da na ƙarshe. Allah bai soke wannan haƙuri domin mu masu Fentikos ba ne.

Dokar da ta fi kowace doka

A cikin takardar ƙa'idar nan akwai doka guda da ba a wasa da ita. Abin da ka ɗora a teburi, dole ya zama kai ka noma shi. Wanda ya je kanti ya sayi tumatir masu sheƙi ya jera da sunansa, in aka gane, ya zubar da mutuncinsa a ƙauyen, kuma a ƙaramin ƙauye ba a mantuwa. Gara ka kawo karas ɗinka mai ƙafa biyu a yi dariya, da ka kawo na kanti a tafa maka.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, domin ban rubuta wannan daga kan tudu ba. Ina saurayi, sabon aure, ina shugabancin matasa a wata ƙaramar ikilisiya. A shekarar na yi sakaci da gonata. Kullum ina hanya, daga wannan taron farkawa zuwa wancan, ina gaya wa kaina cewa aikin Ubangiji nake yi, shi zai lura da doyata. Da na tona, sai 'yan ƙanana kamar damtsen yaro. Ranar godiyar kaka ta matso, kuma na san za a kira rukunin matasa, ni ne a gaba. Sai na ci bashi, na je kasuwar wani gari inda ba a san ni ba, na sayi manyan doya goma. Ran Lahadi na ɗauko su a ka, ina rawa har gaban bagade. Aka yi guɗa. Wani ya ce, “Dubi yadda Allah yake yi wa mai yi masa hidima!” Ban ce daga gonata suke ba. Ban kuma ce ba daga can suke ba. Na yi murmushi kawai.

Bayan an tashi, wani dattijon ikilisiya ya kira ni gefe, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya riƙe ɗaya daga cikin doyan, ya kankare ƙasar da ke jikinta da farce. Ya ce, “Ɗana, gonarka tana maƙwabtaka da tawa. Ƙasarmu ja ce. Wannan kuwa baƙar ƙasa ce a jikinta.” Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, “Baba, na ji kunya ne.” Ya ce, “Da ka kawo naka ƙananan, da mun yi maka addu'a, da mun zo maka gayya baɗi. Yanzu ka hana mu taimakonka, kuma ka sa yaran nan suna tsammani ana barin gona ta noma kanta.” Bai tona mini asiri ba. Amma na yi wata huɗu ina biyan bashin doyar da ba ta kawo mini albarka ko ɗaya ba.

Ka fahimce ni da kyau. Sayen abin baiko ba zunubi ba ne. Idan kai ma'aikaci ne, albashinka shi ne gonarka, ka sayi buhun masara ka kawo da farin ciki. Shari'ar Musa ma ta yarda wa wanda hanya ta yi wa nisa ya mai da amfaninsa kuɗi, ya sayi abin da zai yi biki da shi a gaban Ubangiji. Zunubina shi ne na bar mutane su gaskata ƙarya domin a yabe ni. Wannan ne ya kashe Hananiya da Safiratu. Bitrus ya nuna wa Hananiya sarai cewa filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne, babu wanda ya tilasta musu. Abin da suka yi shi ne suka kawo wani kashi suka sa masa rigar duka, kuma Ruhu Mai Tsarki suka yi wa ƙarya.

Kayan aro ba ya rufe katara. Yau a majami'unmu akwai doyar kasuwa iri-iri. Akwai shaidar da aka ƙara wa gishiri domin ta fi ta wadda ta riga ta. Akwai wanda yake kwaikwayon harsunan da ya ji a bakin wani, domin kada a ce shi bai cika da Ruhu ba. Akwai alkawarin kuɗi da ake yi da babbar murya a gaban jama'a, a kasa cikawa a ɓoye. Akwai mai wa'azin da ya kwashe saƙon wani daga intanet, ya ce Ubangiji ne ya yi masa magana da asuba. Akwai mata da miji da suke shigowa da anko, alhali sun yi wata biyu ba sa gaisawa a gida. Ƙaunatacce, wace doya ka ɗauko a ka bana?

Alƙali yana da wuƙa

Alƙalin nunin kayan lambu ba da ido kaɗai yake aiki ba. Akwai wata ƙungiyar masu lambu a Ingila da ake kira RHS, wadda aka kafa a 1804, kuma littafinta na ƙa'idoji ne alƙalai da yawa suke bi. Alƙali yakan ɗaga dankali ya juya shi, ya dubi gefen da aka kwantar a kan faranti, domin ya san a nan ake ɓoye tabo. Yakan karya koren wake guda, ya ji ko ɗanye ne ko ya tsufa ya yi zare. Yakan matsa wuyan albasa, ya ji ko ta fara ruɓewa daga ciki. Akwai wata jar saiwa da suke ci, ita kuwa yakan sa wuƙa ya yanka ta ya ga launin cikinta. Kek ma sai an yanka an ɗanɗana. Sau da yawa ƙaton abu yakan faɗi, matsakaici mai lafiya ya ci, domin a yawancin rukunai lafiyar abu da daidaituwarsa ake dubawa kafin girmansa.

Lokacin da Sama'ila ya je gidan Yesse, ya ga Eliyab dogo kyakkyawa, ya ɗauka an gama. Ubangiji ya tsayar da shi, ya koya masa cewa ɗan adam fuska yake kallo, shi kuwa zuciya. Wasiƙar Ibraniyawa ta kwatanta Maganar Allah da takobi mai kaifi biyu, wanda yake ratsawa har inda tunani da nufi suke, ta kuma ce babu abin da yake a rufe a gabansa. Wata rana Yesu ya ji yunwa, ya hango itacen ɓaure cike da ganye, ya je bai sami ko ɗa guda ba. Ganyen ne ya yi alkawarin da itacen bai cika ba.

Saboda haka kada ka auna shekararka da abin da mutane suka gani. Mai yiwuwa ba ka fasa sujada ko sau ɗaya ba. Madalla. Amma in aka juya ka, me ke gefen da ka kwantar a faranti? Yaya harshenka yake a gida? Yarinyar da take muku aiki, za ta ce akwai tawali'u a cikinka? Wanda yake binka bashi, zai ce kai mai aminci ne? 'Ya'yan da Ruhu yake haifarwa, irin su ƙauna da haƙuri da kamun kai, a cikin gida ake ɗanɗana su, ba a kan bagade ba. Hausawa sukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, idan ɗa bai ɗauko halin iyayensa ba. Kai da aka shayar da kai da ruwan rai shekara guda cur, halin wa ka ɗauko?

Ban faɗi wannan domin in tsorata ka ba. Cetonka ba a kan teburin nan yake ba. An biya shi a kan gicciye, da jinin Yesu, kuma babu jan katin da zai ƙara masa kome. Amma Bulus ya gargaɗe mu cewa wuta za ta gwada aikin kowa, kuma akwai wanda zai tsira, aikinsa kuwa ya ƙone. Gara ka bar Ruhu Mai Tsarki ya sa wuƙarsa yau, lokacin da sauran damar gyara.

Idan shekarar ba ta yi ba

Yanzu ina magana da kai, wanda yake karanta wannan da nauyin zuciya. Kai ba ka yi sakaci ba. Ka yi noma, ka yi addu'a, ka yi azumi, amma abin bai yi ba. Wataƙila ruwa ya yanke lokacin da masara take fitar da goyo. Wataƙila kuɗin taki ya fi ƙarfinka, ko rashin tsaro ya hana ka zuwa gonar gaba ɗaya. Wataƙila ba gona ba ce: sana'a ce ta karye, ko ciki ne ya zube, ko ɗan da ka yi wa tarbiyya ya juya wa Ubangiji baya. 'Yar'uwata, wataƙila ke ce kike tunanin ki ƙi zuwa sujada ranar godiya, domin ba ki da abin ɗauka a ka.

Masu lambun Ingila ma suna da irin wannan shekara. A watan Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a ƙasarsu, abin da ba a taɓa aunawa a can ba, kuma a yankuna da dama aka hana ban-ruwa da tiyo. A shekarun da ruwa ya yi yawa kuma, wata cuta takan baƙanta ganyen dankali da tumatir cikin 'yan kwanaki, irin cutar da ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa tun daga 1845. Duk da haka ba a fasa nuni. Mutane sukan kawo ɗan abin da ya tsira. Su tsaya a bakin teburi da kofin shayi, wannan ya ce nasa wake bai yi ba, wancan ya ce shi ma haka, tsoho ya gaya wa sabon shiga abin da zai yi baɗi, a yi musayar iri. Wanda ya ɓoye a gida saboda kunya, shi ne ya rasa wannan.

Ka sake duba karatunmu na farko. Allah bai ce wa Ba'isra'ile ya kawo kwando mafi girma ba. Ya ce ya ɗebi nunan fari na abin da ƙasarsa ta bayar, ya sa a kwando, ya kai wurin firist, sannan ya ba da labarinsa da bakinsa: yadda kakansa ya kasance mai yawo marar wurin zama, yadda aka bautar da su a Masar, yadda suka yi kuka Ubangiji ya ji. Ka lura, wahalar tana cikin jawabin godiyar. Ba a ce ya ɓoye ta ba. Gwauruwar da ta jefa 'yan anini biyu a baitulmali, Yesu ya ce ta fi masu kuɗi bayarwa. Annabi Habakuk ya lissafta ɓaure da inabi da zaitun da gonaki da garke, duka babu, sa'an nan ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Irin wannan godiya Shaiɗan ba ya iya jure ta.

Ga kuma abin da ya bambanta Ubangijinmu da alƙalin ƙauye. Alƙalin ƙauye yakan zo sau ɗaya a shekara, ya ajiye kati, ya shiga motarsa ya tafi. Bai taɓa riƙe maka fartanya ba. Amma a misalin da Yesu ya bayar a Luka 13, mai gona ya zo shekara uku yana neman 'ya'ya a jikin ɓaure bai samu ba, ya ce a sare shi. Sai mai kula da lambun ya roƙa a ƙara masa shekara guda, shi da kansa zai yi masa kaftu, ya zuba taki. Wanda zai yi maka shari'a, shi ne yake durƙushe a gindinka yana tona ƙasa. Shi ne yake roƙo dominka a dama ga Uba. Idan kana numfashi yau, kana cikin shekarar da aka roƙa maka.

Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, kaftu yana taɓa saiwa, taki kuma ba ya ƙamshi. Wasu abubuwan da ka yi ta tsauta musu bana cikin sunan Yesu, wataƙila fartanyar Mai Lambu ce. Yohanna 15 ta koya mana cewa reshen da yake ba da 'ya'ya ma ana datse shi domin ya ƙara. Mai neman babban karas yakan shuka iri uku a rami guda, ya cire biyu masu rai ya bar ɗaya. Na biyu, shekara guda aka roƙa, ba har abada ba. Misalin ya ƙare ba a gaya mana ko ɓauren ya yi 'ya'ya ba. Kai ne za ka ba da amsar.

Ka zauna da littafinka

Masu lambu da yawa suna da ɗan littafin da suke rubuta abin da suka shuka, da ranar, da abin da ya yi da wanda bai yi ba. Bayan nuni, lokacin da dare ya fara tsawo, sukan buɗe shi su shirya baɗi. Kai ma ka samu sa'a guda a wannan mako, ka kashe waya, ka ɗauki biro, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya zauna tare da kai. Ka rubuta amsar waɗannan da gaskiya:

Me na shuka a watan Janairu da bakina a gaban Allah, kuma ina yake yanzu?

Wace ciyawa na gani tun tana ƙarama na ƙyale ta?

Me nake nuna wa 'yan'uwa wanda ba a lambuna ya tsiro ba?

Me Ubangiji ya cire daga rayuwata bana, wanda har yanzu nake fushi a kansa?

Wane abu ne ya yi kyau ba da ƙoƙarina ba, wanda ban gode masa a kai ba?

Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Bulus ya dasa, Afolos ya yi ban-ruwa, amma girma daga Allah ya zo. Babu mai lambun da ya taɓa ƙera ƙwayar iri guda.

Teburin ba ya komawa gida

Da yamma, idan an gama nuni, a ƙauyuka da yawa akan yi gwanjon kayan, kuɗin ya tafi ga aikin taimako ko gyaran zauren ƙauye. Albasar da ta ci jan kati takan ƙare a tukunyar wani. A irin wannan lokaci ne kuma majami'unsu suke yin godiyar kaka. A 1843 wani limamin ikilisiya mai suna Robert Hawker ya kira mutanen ƙauyen Morwenstow, a yankin Konwal, su zo majami'a su gode wa Allah saboda girbi. Al'adar ta bazu, har ta iso mana ta hannun masu mishan. Amma tushenta ya fi Ingila daɗewa. Allah ne ya umarci Isra'ila su yi idin girbi, ya kuma ce kada su girbe gona har gefe, su bar wa matalauci da baƙo.

Kada ka manta, ranar Fentikos kanta idin girbi ce, kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa, lokacin da ake kawo nunan fari na alkama. A ranar girbi Allah ya zaɓa ya zubo Ruhunsa, aka girbe mutum wajen dubu uku, kuma ba a daɗe ba aka ga masu bi suna raba abin hannunsu har babu mai rashi a cikinsu. Idan lambunka ya yi albarka bana, akwai gwauruwa a layinku da ba ta da kayan miya. Idan bai yi ba, ka zo da ɗan abin da ya tsira, ko da kwaryar yakuwa ce, ko da hannu wofi da baki cike da gaskiya. Ka gaya wa wani dattijo ko wata uwa a ikilisiya yadda shekarar ta kasance. Ka bar su su zo maka gayya. Allahn da ya yi alkawari ta bakin Yowel zai mayar da shekarun da fara ta cinye, yana nan bai sāke ba.

Addu'a

Ya Uba, Mai Lambun raina, na gode maka domin ruwa da rana da numfashin wannan shekara. Na tuba daga kowace doyar kasuwa da na ɗauka a ka domin a yabe ni. Ka juya ni, ka yanka, ka nuna mini abin da yake ciki tun da sauran lokaci. Na gode domin Yesu wanda ya roƙa mini ƙarin shekara. Ka yi mini kaftu, ka zuba taki, ba zan gudu ba. Ruhu Mai Tsarki, ka haifi 'ya'yanka a cikina, waɗanda mutanen gidana za su ɗanɗana. Ka ta'azantar da duk wanda gonarsa ba ta yi ba bana, ka buɗe masa ƙofar abinci. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.

Furci

Ni reshe ne a jikin Almasihu. Ba zan yi ado da kayan aro ba. Abin da Allah ya shuka a cikina zai tsiro, zai yi 'ya'ya, 'ya'yan kuma za su tabbata. Baɗi war haka ba za a same ni da ganye kaɗai ba, cikin sunan Yesu.

Abin yi a wannan mako

Ka amsa tambayoyi biyar ɗin nan a rubuce. Idan akwai wanda ka bari ya gaskata ƙarya game da kai, ka je ka gyara kafin ranar godiya. Sa'an nan ka ɗebi wani abu daga lambunka ko rumbunka, ka kai wa wanda ba zai iya rama maka ba, kada kuma ka ba da shaidarsa ran Lahadi.